Kafin Ka Ajiye Aiki Ka Zauna Rainon Yara

Fara da rubuta duk kobon da gida ke ci na wata shida: cefane, haya, kuɗin makaranta, magani, gudummawar biki. Ninka biyu, ka sami na shekara.

A Amurka ana cewa, don a rayu ba albashi, a tara ninki 25 na wannan adadi, a riƙa cire kashi 4 cikin ɗari duk shekara. Lissafin dala ne. A Najeriya hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, don haka naira da aka jibge a asusu narkewa take yi. Zuba ta cikin abin da ke kawo kuɗi: ɗakunan haya, Sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa) na gwamnatin tarayya, hannun jari. Ka ware kuɗin cin shekara guda a kusa, domin ɗan haya yakan makara da biya.

Kada ka dogara da fansho. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya ciri kashi 25 cikin ɗari kacal na kuɗin fanshonsa, bayan wata huɗu ba aiki. Inshorar lafiya ta ofis ma takan tafi tare da aikin. Yanki wata inshorar tukuna.

Sannan kai da abokiyar zamanka ku gwada zama kan albashin mutum ɗaya na wata shida kafin a miƙa takardar murabus.