Kurakuran da masu agogon motsa jiki ke yi a Sakkwato

Yawancin matsalar tun daga ɗauri take farawa. Mutane na ɗaura agogon sako-sako kamar na ado, yana yawo a kan ƙashin wuyan hannu. Alhali koren hasken nan da ke ƙyaftawa a bayansa shi ne ma'aunin: yana haska fata, jini ya shanye wani sashe, abin da ya dawo shi yake lissafawa ya fitar da bugun zuciya. In akwai rata, hasken rana ya kutsa, lissafi ya lalace. A ja shi sama da ƙashin kamar faɗin yatsa, a matse daidai ba har ya bar shaida ba. Bayan alwala a tsane hannu kafin a mayar, don ruwa da gumi da ƙurar hunturu in sun taru a ƙarƙashinsa suna dusashe hasken, su kuma jawo ƙuraje.

Wanda ya fi damuna shi ne karanta lamba ba tare da duba yanayin garinmu ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, jiki na tura jini zuwa fata don ya huce, zuciya kuma ta ƙara sauri ko da tafiyar ba ta canza ba. Ƙishirwar azumi, goro da shayi mai kauri duk suna ɗaga bugun. Sai ka ga wani ya tsorata a banza, wani kuma ya ɗauka ƙoƙarinsa ne ya ƙaru, ya ci gaba da zagaya filin wasa na Giginya da rana tsaka. Bugun babban mutum a zaune yana tsakanin 60 zuwa 100 a minti. Ka auna naka da asuba kafin ka tashi daga shimfiɗa, shi ne abin kwatance. Don sanin iyakar bugun da zuciyarka za ta iya kaiwa a minti kuwa, cire shekarunka daga 220. Ɗan shekara 40 zai samu 180, kuma wannan ƙiyasi ne kawai. A bazara, a yi atisaye bayan sallar asuba ko bayan magariba.

Ƙidayar taku ma ba ƙafa take gani ba, motsin hannu take ji. Mai daka da mai tuƙa tuwo za su tara taku suna wuri guda, haka wanda ya hau kabu-kabu a hanya mai gargada. Mai tura baro kuwa zai sha tafiya agogo bai ƙirga rabi ba. Saka shi a hannun da ba ka cika aiki da shi ba, ka gaya wa manhajar agogon da ke wayarka wane hannu ne, ka shigar da tsayi da nauyi da shekarunka na gaskiya.

Taku 10,000 da ake ta fafutukar cikawa, asalinsa sunan wata na'ura ce da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Dattijo kada ya wahalar da gwiwarsa saboda lamba.

Akwai kuma masu arha da ke iƙirarin auna suga da hawan jini. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da agogon da ya ce yana auna suga ba tare da huda fata ba. Kada mai ciwon suga ko hawan jini ya rage magani saboda abin da agogo ya nuna. Kafin ka biya kuɗi, ajiye shi a kan tebur: in ya nuna bugun zuciya, bar wa mai shi kayansa. In kuma ka ji ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi, nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wanda ya fi kusa da kai, ko da agogo ya ce lafiya lau.