Babi na 7: Cin Abinci a Kwatano, Ƙirga Sifiri Kafin Ka Wanke Hannu

Wannan babi na direbobi ne da yaran mota, da masu kai albasa kudu, da masu zuwa tashar jiragen ruwa fitar da kaya ko mota. Ka baro Gaya, ka haye Malanbil, ka wuce Kandi da Paraku, ka sauka Kwatano cikinka na kuka. Garin ba naka ba ne, harshen ba naka ba ne, rubutun da ke kan alluna kuma da Faransanci yake. Waɗanda aikinsu ya koma Lome tun 2023, ku ma ku matso kusa, kuɗin can da na nan duk sefa ce ɗaya.

Ka riƙe fensir. Ka ciro takardar kuɗi guda daga aljihu ka ajiye a gabanka, kowace iri ce. Za mu yi aiki da ita.

Darasi na 1: Wa za ka tambaya

Ka tambayi mutumin da ke ci da guminsa kullum a garin. Ɗan kabu-kabu, wanda can suke ce wa zem, za ka gane shi da rigarsa rawaya mai lamba a baya. Ko ɗan dako a bakin tashar jiragen ruwa. Ko mai shayi. Idan kana unguwar Zongo, ka bari a idar da salla a masallaci, ka gaisa da na kusa da kai da Hausa, za a amsa maka.

Kada ka ce, "Ina ake sayar da abinci mai daɗi?" Wanda ya ga baƙo zai nuna masa gidan masu kuɗi, don yana jin ya girmama shi ke nan. Ka ce, "Malam, kai a ina kake ci?"

Da ka isa, kada ka zauna tukuna. Tsaya daga gefe kamar mai jiran wani. Akwai mutane a kan benci? Tukunya na kan wuta ko ta huce? Leƙa robar da ake wanke kwanoni. Wurin da abinci ke ƙarewa kafin azahar, ba a ɗumama maka na jiya.

Darasi na 2: Allon bakin ƙofa

Ba sai ka iya Faransanci ba. Kalmomi kaɗan za ka riƙe da ido, kamar yadda kake riƙe fuskar mutum. Ka kwafi kowace sau uku a littafinka.

RIZ: shinkafa
POISSON: kifi
POULET: kaza
MOUTON: rago
BOEUF: naman sa
PORC: alade

Dubi POISSON, da POULET, da PORC. Duk ukun da P da O suka fara. A nan ake tuntuɓe. Mai gaggawa ya ga harafi biyu na farko sai ya ce ai kifi ne, ya shige. Ɗora yatsa ka bi kalmar har ƙarshenta. PORC ita ce gajeriya, haruffa huɗu: P, O, R, C. Ƙirga da kanka. Huɗu. Ka gan ta, ka yi gaba.

Idan ka ga BUVETTE ko BAR, wurin shan giya ne, ko da ana gasa nama a ƙofa. MAQUIS gidan abinci ne, amma da yawansu ana sayar da giya a ciki, sai ka leƙa tebura ka ga irin kwalaben da ke kai. AGOUTI kuwa gyazbi ne, naman daji, ba ka san wanda ya yanka ba.

Darasi na 3: Farashi

Nan ne zan daɗe, kuma kada wanda ya ce mini ya gaji.

Mu a baki da dala muke lissafi. Allo kuwa bai san dala ba, da sefa yake magana. Dala ɗaya sefa 5 ce. Saboda haka abin da ido ya gani daban, abin da baki zai faɗa daban. Ba laifinka ba ne idan ka rikice, kowa da haka ya fara. Ga su nan, ka kwafa:

50: dala goma
100: dala ashirin
250: dala hamsin
500: dala ɗari
1000: jika ɗaya
2000: jika biyu
5000: jika biyar

Yanzu ɗauki takardar da ka ajiye. Na san da launi ka san ta: ja jika ce, shuɗiya jika biyu, koriya jika biyar. Shekara da shekaru kana kashe su ba ka taɓa duban lambar da ke jikinsu ba. Yau ka duba. A kan ja an rubuta 1000. Ɗora yatsa a kan ɗaya. Matsa dama. Sifiri. Matsa. Sifiri. Matsa. Sifiri. Sifiri nawa ke nan? Uku.

Sifiri shi ne ɗan zagayen nan mai kama da ƙwai. Shi kaɗai ba kome ba ne, amma duk ƙwan da aka ƙara a baya, kuɗin ya ninka sau goma.

Dubi waɗannan biyun:

500
5000

Na sama ƙwai biyu, dala ɗari. Na ƙasa ƙwai uku, jika biyar. Ƙwai guda ne tsakaninsu, amma na ƙasa zai sayi na sama har goma. Sake dubawa. Ɗora yatsa. Ƙirga da ƙarfi yadda na kusa da kai zai ji: ɗaya, biyu. Sauko ƙasa: ɗaya, biyu, uku. Madalla. Sake yi.

Akwai tarko na biyu. Masu rubuta farashi sukan sa ɗigo, ko su bar ɗan fili a tsakiyar lamba: 2.500 ko 2 500. Ɗigon ba ya nufin lambar ta ƙare. Abin da ke hagu da ɗigo jika ne, abin da ke dama ragowa ne. To, 2.500 jika biyu ce da dala ɗari. Ba dala hamsin ba ce. Harafin F da ake sawa a ƙarshe kuwa sunan kuɗin ne kawai, ba lamba ba ne, kada ka ƙirga da shi.

Wani ɗalibina yaron mota ya dawo daga tafiya, na tambaye shi labarin teku, sai ya sunkuyar da kai. Ashe ya ga 3.500 an rubuta da alli kusa da kifi. Ya karanta uku, ya karanta biyar, ya ga sifiri guda, bai ƙarasa ba don ƙamshi ya riga ya ja shi. Ya ce a ransa ai 350 ne, dala saba'in, araha. Ya wanke hannu ya cinye tas har kai. Da aka zo biya, matar ta nuna masa allo da cokalin miya. Jika uku da dala ɗari. Kuɗin cinsa na kwanaki ya tafi a zama ɗaya, sauran tafiyar da gari da ƙuli ya ƙarasa ta. Ya iya karatu sarai. Yatsa ne bai ɗora ba.

Akwai kuma mai kuskure ta ɗaya gefen. Ya ga 500, ya karanta "ɗari biyar" daidai, sai kansa ya ce masa dala ɗari biyar, ya yi salati ya fita da yunwarsa. Alhali dala ɗari ce. In ka rikice, ciro kuɗinka, kara su kusa da allo. Lambar da ke kan takarda da wadda ke kan allo su yi kama harafi da harafi, ƙwai da ƙwai. Ba abin kunya ba ne. Kunya tana wajen biya.

Aiki. Rubuta yawan sifiri a gaban kowace lamba, sannan ka faɗi kuɗin da dala ko jika:

200 ______
2000 ______
1.500 ______
150 ______
10.000 ______

Na ga wasu sun cike ba tare da sun ɗora yatsa ba. Goge. Ban tambaye ku amsa ba, hannu nake so ya saba. Ranar da kake tsaye a cikin hayaƙi, yunwa na cin ka, mutane na turo ka ta baya, ido zai yi maka ƙarya, yatsa ne zai cece ka. Sau nawa zan faɗa? Kun ajiye mota, kun bar kasuwa, kun zo kun zauna a kan benci da gemunku, sannan ɗan ƙwan nan ya gagare ku ƙirgawa? Ku sake. Daga 200.

Abu na ƙarshe a wannan darasi. A rubutun hannu na ƙasashen Faransanci, ɗaya tana da dogon baki ta hagu, har takan yi kama da bakwai. Bakwai ta gaskiya tana da ɗamara a tsakiya. Babu ɗamara, ɗaya ce. Da ɗamara, bakwai ce. Bayan ka tantance wannan, ka ƙirga sifiri.

Darasi na 4: Kifin bakin teku

Duk wanda ya je Kwatano yana so ya ce ya ci kifin teku. A bakin ruwan Fijirose akwai rumfuna da yawa da ke gasa shi, za ka ga an rubuta POISSON BRAISÉ, wato gasasshen kifi. Ranar Lahadi wurin cika yake yi.

Ka ce a nuna maka kifin tun yana ɗanye. Ido ya zama garau, ba fari-fari ba. Ɗaga murfin kunnensa, ciki ya zama ja. Danna jikinsa da yatsa, in ramin bai taso ba ka bar musu kayansu.

Kifi ba shi da kuɗi guda, girmansa ne kuɗinsa. Abin da ke kan allo sau da yawa na ƙarami ne. Nuna wanda kake so ka ce, "Maman, se kombiyan?" wato nawa ne. Ba za ka ji amsar ba in da Faransanci ta ba ka. Miƙa mata fensir da littafinka ta rubuta. Ta rubuta? To, me za ka yi? Ɗora yatsa. Nemi ɗigo. Ƙirga sifiri. Sannan ka tambaya ko da abin haɗi ne, ko shi ma da nasa kuɗin. Kafin a ɗora a wuta ake wannan magana. Kifin da ya hau wuta ya zama naka.

Darasi na 5: Sunayen abinci

Yau aji ya ragu, to mu taƙaita. Atasi shinkafa da wake ce. Akasa da ƙullun masara ake yin ta, da ɗan tsami, a naɗe cikin ganye. Amiwo tuwon masara ne ja, da tumatir ake dafa shi. Wagasi cukun nonon shanu ne na Fulani, ana soya shi a sa a miya. Aloko soyayyar ayaba ce. Cacanga tsire ne, masu yin sa da yawa ƴan uwanmu ne.

Miyar can takan zo da ƙaguwa ko jatan lande. In ba ka saba ba, ka ce a cire. Sodabi ba ruwa ba ne ko da ka gan shi fari a kwalba, barasa ce.

Rubuta sunaye uku da kake so ka ci. Kusa da kowane ka bar wurin farashi.

Darasi na 6: Ruwan sha

Sayi na kwalba ko na leda. Duba murfin, kada ya zama an taɓa buɗewa. Ka bar ƙanƙara.

Darasi na 7: Rasit

Idan maigidanka zai biya ka kuɗin abinci, ka karɓi takarda. Sunanta REÇU. Duba lambar da ke can ƙasa kusa da kalmar TOTAL, ka ƙirga sifirinta kafin ka sa a aljihu.

Aikin gida: waɗanda ba su zo yau ba su kwafi darasi na 3 daga littafin maƙwabcinsu. Kowa ya zo da fensirinsa ranar Asabar, na gaji da ba da aro.