Yadda matafiyi zai bi da wuƙar aljihunsa a ƙasar waje

A Sakkwato babu wanda zai ɗaga kai ya dubi mutum don ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya fere rake, ko ya yanka lemo, ko ya tsinke igiyar buhu. Maƙera ne suke ƙera ta, dukawa su ɗinka mata kube da jar fatar akuyar nan da garin ya yi suna a kanta, dattijo kuma ya riƙe ta shekara da shekaru har mariƙinta ya yi santsi. Wannan sabo ne yake sa ɗalibanmu da 'yan kasuwa da masu zuwa aiki ƙasashen waje su jefa ta cikin kaya ba tare da sun tsaya sun yi tunani ba. A can kuwa jami'i bai san halinka ba, bai san gidanku ba, abin da zai duba shi ne ƙirar wuƙar, da wurin da ya same ka da ita, da dalilin da ka ba shi.

Abin da ya kamata matafiyi ya fara ganewa shi ne, wuƙa ɗaya tana bin ƙofa uku, kuma kowace ƙofa da dokarta. Akwai ƙofar jirgi, akwai ta kwastan, akwai ta titi. Wuce ta farko ba ya nufin an ba ka izinin ta biyu, haka nan wuƙar da kwastan suka bari ta shiga ƙasa tana iya jawo maka kwana a ofishin 'yan sanda idan aka gan ta a aljihunka a tashar mota.

Maganar jirgi ita ce mafi sauƙi. Kowace irin wuƙa, da reza, da askar wanzami, da babban almakashi, wurinsu jakar awo, wato wadda ake aunawa a tura ta cikin jirgi, ba jakar hannu ba. A naɗe ta da tsumma ko kwali a ɗaure, domin kada ta yanki mai bincike idan ya zura hannu. Gaskiya ne a Tarayyar Turai abin da doka ta hana a jakar hannu shi ne wuƙar da ruwanta ya wuce santimita 6, amma Amurka ba ta yarda da ko ƙarama ba tun bayan harin 11 ga Satumba 2001, kuma mai tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato galibi zai bi ta Abuja ko Legas ko Kano, sannan ya yada zango a wata ƙasa, a kowane wuri kuma sai an sake bincike. Na taɓa tafiya da wani kawuna wanda ya manta 'yar wuƙarsa a aljihun gefen jaka, a ƙarƙashin carbi da kwalbar turare. Da na'ura ta nuna ta, jami'in ya zaro ta ya buɗe, ya ce, "Baba, wannan ba za ta wuce ba." Kawu ya ce, "Haba ɗana, ta mahaifina ce, goro nake yankawa da ita." Jami'in ya ba shi haƙuri da ladabi, amma kayanmu sun riga sun shige, babu kuma wanda ya rako mu balle a ba shi ajiya, sai muna kallo aka jefa ta cikin akwatin abubuwan da aka karɓe. Saboda haka tun a gida ake zazzage jakar hannu a laluba kowane aljihu.

Kafin a kai ga kwastan, a ɗauko rula a auna ruwan wuƙar daga bakin mariƙi zuwa tsini, a rubuta da santimita da kuma inci. Wasu ƙasashe kaifin kawai suke aunawa, amma wanda ya auna duka ya huta da gardama. Daga nan sai a dubi yadda take buɗewa, domin a nan ne yawancin mutane suke faɗawa rami. Wuƙar da ake danna maɓalli ruwanta ya fito da kansa, Birtaniya ta haramta sayar da ita da shigo da ita tun 1959, Amurka ta hana shigo da ita tun 1958. Wadda mariƙinta ya rabu biyu ake juya shi kamar fikafikan malam-buɗe-littafi haramtacciya ce a Birtaniya da Jamus, haka ma wadda aka ɓoye cikin sanda ko bel. Kanada ta ƙara tsanantawa a 2018, inda jami'an kan iyaka suke ƙwace wuƙar da ake iya buɗewa da girgiza hannu, ko da an saye ta a fili a wata ƙasa. Wannan hani bai bar mai oda ta intanet ba: wanda sunansa yake kan kunshin shi ne ya shigo da ita a idon doka, kuma cewa shagon bai gargaɗe ka ba ba zai fid da kai ba. Idan akwai shakka a kan abin da ke cikin jaka, misali wuƙar ado mai kuben fata da aka sayo don tsaraba, a bi layin masu bayyana kaya a nuna ta da kai, domin wanda ya nuna abu aka karɓe bai zama ɗaya da wanda aka tono a jakarsa ba.

Ƙofar titi ita ce mai wuyar sha'ani, kuma zan daɗe a kan Ingila saboda yawan yaranmu da ke karatu a can. Dokar 1988, sashe na 139, ta ce laifi ne a riƙe abu mai kaifi ko tsini a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in ban da wuƙar aljihu mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62. Sai dai kotuna sun yanke cewa duk wuƙar da take kullewa idan an buɗe ta, har sai an danna wani abu kafin ta naɗe, ba ta cikin wannan rangwame, komai ƙanƙantarta. Ke nan wuƙa samfurin Okapi mai zobe a baya wadda sai an ja zoben take rufewa ta fita daga lissafi, haka Opinel mai zoben da ake murɗawa, haka yawancin filaya mai haɗe da wuƙa da masu gyaran lantarki suke ratayawa a ƙugu. Ƙaramar Victorinox wadda ba ta kullewa ita ce misalin abin da doka ta bari. Hukuncin wanda ya saɓa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 4, wanda kuma kotu ta samu da laifin karo na biyu, idan baligi ne, mafi ƙarancin abin da ke jiransa wata 6 ne. Ga baƙo abin ya fi haka nauyi, domin shari'a irin wannan tana bin mutum zuwa ranar sabunta biza, kuma dokar 2007 ta tanadi korar baƙon da aka ɗaure wata 12 ko fiye.

Dalilan da dokar 1988 ta ambata su ne aiki, da addini, da tufafin gargajiya na ƙasa. Mahauci ko mai tsire da zai tafi wurin sana'arsa da wuƙaƙensa a naɗe cikin jaka yana da hujja, amma hujjar tana ƙarewa idan ya tashi aiki ya zarce kallon ƙwallo da su. Ba na ba kowa shawarar ya dogara da cewa wuƙa al'adarmu ce, domin alƙali ne zai auna maganar bayan an riga an kama mutum. Kalmar da ta fi kowace haɗari kuwa ita ce wadda ta fi saurin zuwa bakinmu, wato "don kare kaina nake riƙe ta". A gida wannan magana ce ta hankali, musamman ga mai bin hanyar daji, amma a Ingila ita ce take mai da kayan aiki makami, ko da wuƙar tana cikin waɗanda aka halatta. Idan ɗan sanda ya tsayar da kai, ka gaya masa akwai wuƙa da inda take kafin ya laluba, kada ka sa hannu a aljihu don ka nuna masa.

Da an tsallaka ruwa zuwa Jamus sai lissafi ya sauya. A can tun 2008 abin da aka hana yawo da shi shi ne wuƙa mai kullewa wadda ake buɗewa da hannu ɗaya, da kuma wadda ba ta naɗewa idan ruwanta ya wuce santimita 12, tarar kuma tana iya kaiwa Yuro 10,000. Bayan harin wuƙa da aka kai a garin Solingen a Agustan 2024 an ƙara hana wuƙa a bukukuwan jama'a da jiragen ƙasa masu dogon zango, ga kuma unguwanni a birane irin su Hamburg da Frankfurt da aka kafa alluna masu hana ta. Faransa ba ta tsaya kan tsawo ba, dalili take tambaya, wanda ba shi da shi kuma yana fuskantar ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 15,000. Amurka kowace jiha da tata dokar, wani lokaci ma kowane birni: a birnin New York ba a yawo da mai inci 4 ko fiye, ba a kuma barin ta a inda ido zai gani, don haka 'yar ƙugiyar da ke maƙale a bakin aljihu ta isa ta sa a tsayar da mutum. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou kuma su sani cewa a Sin ana saka jaka a na'urar bincike a tashoshin jirgin ƙasa, har da na ƙarƙashin ƙasa.

Maniyyata aikin Hajji da Umara ba su da bukatar dogon bayani. Ana duba jaka a ƙofofin Harami, hadisin da Muslim ya ruwaito daga Jabir ya hana ɗaukar makami a Makka, hadaya kuma a mayanka ake yanka ta. Wuƙar yanka albasa ta zauna a masauki tare da tukwane. Haka ma mazauna Birtaniya, yankan layya a mayankar da hukuma ta amince da ita ake yi, saboda haka babu dalilin ɗauko barho daga gida.

A ganina wuƙar gado ko wadda mutum yake ji da ita a bar ta a Sakkwato a hannun iyali, idan an sauka an ga ana bukata sai a saya a shagon garin, domin abin da ke kan kantarsu ya riga ya wuce kwastan. Ko a nan a tuna cewa halaccin saye daban, halaccin yawo da ita daban. A bar ta cikin kwalinta, a ajiye rasit, a sa a ƙasan jaka a wuce gida kai tsaye. Ɗalibi ya karanta ƙa'idar ɗakin kwanan makarantarsa, mai mota kuma ya daina ajiye ta a aljihun gaban mota, domin motar da ke kan titi a Ingila ba ta hana a ce an same shi da wuƙa a bainar jama'a. Dokokin nan suna sauyawa, Ingila ta ƙara jerin haramtattun wuƙaƙe a 2024 ta sake ƙarawa a 2025, don haka mako guda kafin tafiya a buɗe shafin kwastan da na 'yan sandan ƙasar a karanta, in da hali a aika musu hoton wuƙar a buɗe kusa da rula, a ajiye amsar da suka bayar a waya.