Babi na 6: Nankarwa da Sakin Fata Bayan Rage Ƙiba

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Wannan babi na waɗanda suka rage ƙiba ne, sai suka ga fata ta saki, ga kuma zane-zane a ciki ko cinya ko damtse. Ku bi kowane layi da yatsa. Inda kuka kakare, ku koma farkon jimlar. Ba tsere muke yi ba.

Darasi na 1: Me ya sami fatar?

Zanen nan dogo siriri shi ne nankarwa. Tana fitowa ne idan jiki ya buɗe da sauri, har zaruruwan da ke can cikin fata suka tsattsage. Sau da yawa tun lokacin ƙibar ta fito, ramar ce kawai ta sa kuka lura da ita. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma maza ma suna yin ta. Sabuwa takan yi ja ko duhu, wani lokaci da ƙaiƙayi. Tsohuwa takan yi haske, ta lafa. Tana dusashewa da kanta a hankali, amma ba ta gogewa gaba ɗaya. Duk wanda ya ce zai share muku ita cikin mako guda, aljihunku yake hari.

Sakin fata kuwa kamar robar wando ce da ta daɗe a miƙe: wata takan koma, wata ba ta komawa duka. Ya danganta da shekarun mutum, da yawan nauyin da ya sauke, da daɗewar da ya yi da ƙibar.

Darasi na 2: Wanke lanƙwasa da busar da ita

Wannan shi ne babban darasi, ku tattaro hankalinku nan. Lanƙwasa ita ce inda fata ta kwanta a kan fata: ƙasan tumbi, ƙarƙashin nono, hammata, da matsematsi. Iska ba ta shiga wurin. Gumi ya taru, zafi ya taru, fata tana gogar 'yar'uwarta, sai ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Daga nan sai ƙaiƙayi, sai wari, sai wurin ya saluɓe.

Ga yadda za ku yi kullum. Ku sa hannu ɗaya ku ɗaga fatar sama. Da ɗaya hannun ku wanke cikin lanƙwasar da sabulu marar ƙarfi. Tafin hannu ya isa, ban da dirza da soso. Ku ɗauraye har santsin sabulu ya tafi.

Yanzu sai busarwa. Fatar tana nan a ɗage, kada ku sake ta tukuna. Ku ɗauki tawul mai tsabta wanda yake a bushe, ku danna a wurin, ku ɗaga, ku sake dannawa. Dannawa na ce, ba gogewa ba. Ku bi lanƙwasar tun daga wannan gefe har wancan, har can ƙuryar da ido ba ya gani. Sa'an nan ku riƙe fatar a ɗage na ɗan lokaci, iska ta ratsa. Ku taɓa wurin da bayan yatsa. In kun ji sanyi ko danshi, bai bushe ba, ku sake dannawa. Sai yatsa ya fito a bushe za ku saki fatar, ku sa tufafi.

Mu maimaita tare, da ƙarfi: a ɗaga, a wanke, a ɗauraye, a danna, a jira, a taɓa. Madalla. Wanda ya rikice kada ya ji kunya, ya sake.

A nan ne yawancin masu koyo suke tuntuɓe. Wanka kowa ya iya. Amma sai mutum ya goge fuska da hannuwa da saman ciki, ya zura riga, ƙasan tumbin yana jiƙe sharkaf. Na ga wanda ya karanta wannan shafi tiryan-tiryan ba gargada, da aka tambaye shi me ake yi bayan ɗauraya, ya ce a shafa mai. Haba! Ina busarwar? Mai a kan danshi kulle ruwa ne a cikin lanƙwasa. A busar tukuna.

Kuma ba bayan wanka kaɗai ba. Kun yi aiki kun yi gumi? A ɗaga, a danna, a jira, a taɓa. Rigar ciki ta jiƙe? A canza ta, kuma kafin a sa wata, a busar. Tufafin auduga marasa matsewa sun fi barin iska ta shiga. Tawul ɗin ma a shanya shi bayan an gama, don jiƙaƙƙen tawul ba ya busar da komai.

Na san wasu za su ce malam ya cika nanata abu ɗaya. To, zan nanata. Gajiya nake da ganin mutum ya kashe kuɗi a kan kwalaben man shafawa, alhali aikin da bai fi minti biyu ba ya gagare shi. Ku ɗaga, ku busar.

In wurin ya riga ya yi ja, ko ya tsage, ko yana tsatstsafar da ruwa, ko warin ya ƙi tafiya, ku nuna wa ma'aikacin lafiya. Masu ciwon suga kada ku jira ko kaɗan, abin ya fi saurin kama ku.

Darasi na 3: Man shafawa

Mai yana tausasa fata, yana rage ƙaiƙayi. A kan nankarwa ake shafa shi, ana murzawa a hankali, ba a cikin lanƙwasa mai danshi ba. Man zaitun da man koko (wato cocoa butter) ba a tabbatar suna kawar da nankarwa ba, ko da an rubuta haka a jikin kwalba.

Akwai maganin da ake kira tretinoin. Yana iya rage nankarwa sabuwa, tsohuwa kuwa ba ya yi mata wani abin kirki. Likita ne ke rubuta shi. Mai ciki da mai shayarwa su nisance shi.

Yanzu ku ɗauko duk man da kuke shafawa, ku juya bayansa, ku nemi ƙananan rubutun. In kun ga clobetasol ko betamethasone, ku dakata. Waɗannan magunguna ne masu ƙarfi, ana samun su a cikin wasu mayukan ƙara hasken fata. Daɗewa ana shafa su yana sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito manya-manya. Wanda ya daɗe a kansu ya je likita ya nuna masa yadda zai daina.

Darasi na 4: Rage nauyi a sannu

In har yanzu kuna ragewa, rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya isa. Ku riƙa motsa jiki irin mai ƙarfafa tsoka, don tsoka tana cike wani ɓangare na gurbin da kitse ya bari. Ku ci abinci mai gina jiki. Taba tana lalata fata, a bar ta.

Darasi na 5: Aikin asibiti

Likitan fata yana da na'urar haske da ta ƙananan allurai masu rage nankarwa. A kan baƙar fata suna iya barin tabo mai duhu, don haka sai ƙwararre. Fatar da ta saki da yawa tiyata ce kaɗai ke cire ta, bayan nauyi ya tsaya wuri ɗaya aƙalla wata 6, kuma tana barin tabo.

Aikin gida

Ku kwafi sunan man da kuke shafawa a littafinku, ku zo da shi aji. A ƙasansa ku rubuta matakai 6 na Darasi na 2, ku ja layi a ƙarƙashin ukun ƙarshe.