Yadda ake juyen baƙin mai a babur

'Yan uwa masu babur a Gusau sun yi ta tambayata, to ga shi.

1. Tayar da babur na minti 3, man ya saki.
2. Kashe shi.
3. Tara kwano ƙarƙashin inji.
4. Kwance notin ƙasa da sifana. Hattara, man da zafi.
5. Bari ya tsiyaye tas.
6. Mayar da notin. Nan ake ɓarna, kada ka matse da ƙarfin tsiya. Wani yaron gareji ya taɓa cinye mini zaren notin, na kwana 2 ina tafiyar ƙasa.
7. Zuba sabon mai, kusan lita 1.
8. Duba sandar awo, kar ya haura layin sama.
9. Tayar, ka leƙa ko yana ɗiga.