Tashi da Kaya Daga Ƙauye Zuwa Ƙauye: Yadda Ake Shatar Mota da Ɗaukar 'Yan Dako

Yawancin rigimar ranar tashi daga bakin ciniki take tasowa. Muddin gadonka da buhunan geronka suna ƙasa, kai ne da magana. Suna hawa mota magana ta koma bakin direba: in ya ce sai an ƙara, ko dai ka ƙara ko a sauke, kuma saukewar ma sai ka biya masu yinta. Saboda haka duk abin da za a faɗa a gama faɗarsa kafin a ɗaga ko tsinke.

Fara da ƙidayar kaya ɗaki-ɗaki a takarda, sannan ka san motar da za ka nema. Akori-kura abin da take ɗauka bai wuce kamar tan 1 ba, wato buhu 10 na kilo 100. Motar kanta (Canter) tana ɗaukar tan 3 zuwa 4 gwargwadon girmanta, ita ce daidai da gida mai ɗaki biyu ko uku in hatsin bai yi yawa ba. In akwai rumbun da aka fasa, da kwanon rufi da azara da aka kwance, to maganar babbar motar kaya ce, wato roka, ko kuma kanta ta yi sawu biyu. Kayan ɗaki cika wuri suke yi, hatsi kuwa nauyi ne da shi. Mutane suna kallon bodi su ga da sauran fili su ce a ƙara buhu, alhali sifirin ya riga ya kwanta. In tashin bai wuce unguwa zuwa unguwa ko ƙauyen da ake hangowa ba, amalanken shanu ya fi komai sauƙi, yana shiga inda mota ba ta shiga, kuma randa ta fi tsira a kansa.

Rana ma zaɓenta ake yi. Motocin da za ka nema su ne masu cin kasuwannin Jigawa da Kano: Shuwarin ranar Litinin, Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a, Dambatta da Gujungu Lahadi. Ranar kasuwar da ke kusa da kai da jajiberinta mota tsada take, kuma direban da ya yi maka alkawari yana iya samun lodin dabbobi ya kashe waya. Da kaka ma haka abin yake, lokacin da ake jigilar riɗi da zoɓo da shinkafa zuwa kasuwar Dawanau ta Kano. Sai dai kasuwa tana da nata amfanin: motar da ta kawo kaya za ta koma ba komai takan yi rangwame sosai in hanyarku ɗaya ce, amma a lokacin da direban ya ga dama za a tashi, ba naka ba.

Ka nemi mota a tasha, a gaban 'yan yuniyan, ko ta hannun wanda ya san gidan direban. Ɗan kamasho zai ci la'adarsa, wannan ba laifi ba ne, amma a fayyace daga aljihun wa za ta fito. Kada ka gama ciniki da ɗan kamasho shi kaɗai, domin ba shi zai tuƙa ba, kuma abin da ya faɗa wa direba sau da yawa rabin kayanka ne. Ka biya kuɗin babur direban ya zo ya ga kayan da idonsa, gani ya kori ji. In ba zai samu zuwa ba, tura masa bidiyon kowane ɗaki ta WhatsApp, har da turmi da dutsen niƙa da itacen da ke bayan ɗaki.

Ka kuma gaya masa gaskiyar hanya: inda kwalta ta ƙare, tsawon burji, inda yashi yake, da ko mota tana isa ƙofar gida. Wanda ya ɓoye wannan don a rage masa kuɗi, a mararraba zai ji: «Alhaji, ai ba haka muka yi da kai ba. Motata ba ta shiga nan sai an ƙara wani abu.» A nan kuma direban ne da gaskiya.

Abubuwan da ake yankewa a gaban shaidu biyu su ne waɗannan. Kuɗin na sawu ɗaya ne ko na kwashe kaya duka. Mai yana ciki ko kai za ka zuba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 direbobi da kuɗin mai suke fara lissafi, kuma zuwa da dawowa suke ƙirgawa, don haka ka tambaye shi lita nawa zai sha, ka auna da farashin ranar. Wa zai ji da abin da ya taso a shingayen hanya da na masu karɓar haraji. Tampol da igiya na wa ne. In mota ta lalace, wa zai nemo wata, kuma wa zai biya juyen kaya. Sai na ƙarshe wanda aka fi mantawa: shata ce, ba a ɗora kayan wani ko fasinja a hanya. Ka ba da kafin alƙalami daidai kuɗin mai, cikon sai kaya sun sauka an ƙirga. Ka tanadi tsabar kuɗi tun ana gobe, domin ƙauyen da za ka yana iya zama ba sabis, ba mai POS, direba kuwa ba zai kwana yana jiran shigar kuɗi ba.

Kafin a fara lodi ka zagaya motar. Dubi tayoyi, da safaya mai iska, da jak, da fitilu. Hau bodi ka duba ƙasansa: ƙusar da ta fito za ta farke katifa, kuma motar da ta yi dakon shanu ko taki jiya sai an share an shimfiɗa leda ko tsohuwar tabarma. Ka tambayi takardun mota da lasin, don in aka tsare ta a hanya da kayanka za ta kwana. Rubuta lambarta ka bar wa wani a gida.

'Yan dako kuwa jinga ake yi da su, da shugabansu, a kan aikin gaba ɗaya. In ka ce kowane kaya da kuɗinsa, sai ƙullin da mutum ɗaya zai ɗauka ya zama uku. Mutum huɗu sun ishi kanta: biyu a ƙasa, ɗaya a bakin bodi, ɗaya mai jera kaya, wanda galibi yaron motar ne, kuma shi ma yana sa ran nasa. A yanke tun farko ko su za su bi mota su sauke ko a can za a ɗauki wasu. In za su bi, kuɗin komawarsu da abincinsu a kanka yake. A faɗi tazarar da ke tsakanin ɗaki da mota, don lungun da mota ba ta shiga sai an haɗa da kura ko baro. Gayyar 'yan uwa da maƙwabta tana rage kashe kuɗi, amma wanda ya zo taimako in ya fasa gilashin kabad ba ka da bakin cewa ya biya. A bar musu buhuna da itace, kayan fashewa a ba wanda aka biya.

Tun da maza za su yi ta shiga cikin gida, mata su gama ɗaure kayansu tun daren jajiberin tashi, su koma ɗaki ɗaya ko maƙwabta. Kuɗi, 'yan kunne, takardun gona da na makaranta da waya ba sa hawa bodi, a jikin mai su suke tafiya. Gado da wadirob a kira kafinta ya kwance su kwana ɗaya kafin ranar, domin ƙofar zaure ba ta fitar da su a haɗe, kuma katakon da ake yin na yanzu da shi garin katako ne da aka matse, in aka ja shi da ƙarfi wurin ƙusa yake ɓarkewa, ba ya kuma kamawa. Notuna a zuba a leda a ɗaure a jikin fuskar gadon.

Wajen lodi, nauyi ƙasa kuma gaba. Buhunan hatsi, injin markaɗe da dutsen niƙa su fara shiga, a jingine da kan mota, a raba su daidai hagu da dama. In nauyi ya taru a baya, gaban mota sakewa yake yi, sitiyari ya ƙi jin magana a burji. Madubi, gilashi da farantan sola a tsaye ake sa su a kan gefensu, tsakanin katifu biyu. In aka kwantar da su, gargada ɗaya ta isa. Tangaran a naɗe kowanne da tsumma a jera cikin babbar roba. Randa a kife ta a kan gammon buhu a kewaye ta da ƙullin tufafi. Firji a tsaye, a ɗaure, in an isa a bar shi wasu awoyi kafin a kunna, don man kwamfuresa ya koma mazauninsa. Janareto da babur a tsiyaye musu fetur. Tukunyar gas a rufe ta da kyau, a tsaye, nesa da batir. Kalanzir, maganin feshi da taki kada su kusanci abinci. Tsayin lodi kada ya wuce ƙarfen bodi da yawa, saboda wayoyin lantarki da rassan darbejiya a shigar gari, kuma jami'an kiyaye haɗurra da na KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, suna tsayar da lodin da ya wuce ƙa'ida.

Awaki da tumaki a keɓe musu bayan bodi da katako, a zuba yashi a ƙasa don kada su zame. Takarda daga mai unguwa ko dagaci mai nuna adadinsu da mai su tana kashe dogon bayani a shinge. Mata da yara a samo musu ƙaramar mota daban. Zama a kan kaya shi ne abin da ke mayar da ƙaramin hatsari babba.

A tashi bayan sallar asuba, namiji ɗaya na gida ya zauna gaba tare da direba, da takardar ƙidaya a hannunsa. Bayan tafiyar kilomita kaɗan a tsaya a sake ɗaure igiya, domin kaya suna zama ta saki. A yankin yashi irin su Babura, Sule Tankarkar da Maigatari a tafi da shebur da faffaɗan katako biyu. In mota ta fara kafewa direba ya daina taka totur, a rage wa tayoyi iska kaɗan, a tone, a sa katako. A ƙasar fadama irin su Auyo, Miga da Guri matsalar taɓo ce da ruwa, kuma ambaliyar 2022 ta nuna yadda hanya take yankewa cikin dare ɗaya. Daga Agusta zuwa Satumba, in tashin ba dole ba ne a jira. In dole ne, a kira wani na can a safiyar ranar a tambayi halin kwalbatoci, masu babur su suka fi sani.

In an isa, kada a bar kowa ya ja abin da hannunsa ya kai. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin mota yana soke abin da ya sauka a takarda, wani a ciki yana nuna ɗakin da za a kai. A buɗe kayan fashewa a duba tun direba da 'yan dako suna nan, a leƙa ƙarƙashin tampol da bayan kujerar direba, sannan a cika kuɗi. Washegari a je a gai da mai unguwar sabon wurin, a sanar da shi yawan mutane da dabbobin da aka zo da su.