Sauka da kare a ƙaramin sansanin motocin kwana (motoci masu ɗakin kwana a ciki) a Amurka

Kafin ka tashi, buga wa masu sansanin waya ka ji ko suna karɓar karnuka, don wasu ba kowane irin kare suke yarda da shi ba. Saka takardar rigakafin haukar kare a jaka.

A hanya, riƙa tsayawa karen ya sha ruwa.

Da isa, kada ka buɗe ƙofa sai ka ɗaura masa igiya. A gandayen shaƙatawa na gwamnatin tarayya ba a yarda ta wuce ƙafa 6 ba. Zagaya da shi ya shinshina wurin har hankalinsa ya kwanta, in ba haka ba haushinsa zai hana maƙwabta barci, ga motocin dab da juna. Kwashe kashinsa a leda.

Don Allah kada ka kulle shi a mota da rana. Wuta na ɗaukewa, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ciki ya koma tanda.